Yadda Aka Hana Kawu Rediyo Gaisawa da Biri

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya shekara ashirin yana kiran fasinja a tashar mota, har mutane suka manta sunansa, kowa sai "Rediyo". Idan ya tsaya gaishe ka, sai ya tambayi lafiyar kowa a gidanku, har akuyar da kuka sayar bara.

Da aka rushe tashar, ya samu aiki a wata cibiya da ke bayan gari, inda ake kai biran da aka ƙwato daga hannun masu fasa-ƙwauri. A yi musu magani, a koya musu zaman daji, sannan a sake su. Wata uku yana yanka gwanda a kicin yana cika ma'aikata da labari, sai Likita, matar da ke shugabantar wurin, ta mai da shi kejin biran da suka kusa tafiya.

"Baba, doka ɗaya ce," in ji ta. "Ka ajiye abinci ka fito. Ba magana, ba haɗa ido. So muke su manta da mutum, don wanda ya saba da mutum shi ake sake kamawa."

"Ko sannu, Likita?"

"Ko sannu."

A kejin akwai wani biri da ake kira Tela, saboda a shagon ɗinki aka same shi ɗaure a ƙafar keke, sanye da 'yar riga mai aljihu. Ranar farko da Kawu ya turo baron ayaba, Tela ya sauko ya miƙo masa hannu a gaisa. Kawu ya kau da kai, ya juye ayaba, ya fito gumi sharkaf.

Da ya koma gida ya ƙi cin abinci. "Yau na wulaƙanta bawan Allah," ya ce wa matarsa.

"Malam, ai biri ne."

"Biri ne, amma ya fi ƙanenki tarbiyya."

Sati biyu ya daure. A na uku Likita ta kira shi ofis, ta kunna masa abin da kyamarar da ke maƙale a bishiya ta ɗauka. Bai ma san da ita ba. Ga Kawu tsugune a bayan baro ya kare baki da hula, ga Tela a gefensa yana gyaɗa kai.

"Me kake gaya masa?"

"Bayanin dokar nake masa, Likita, kada ya ɗauka gaba ce."

"Minti arba'in?"

"Yana da tambayoyi."

Ta yi dariya har da hawaye. Da ta goge ido ta ce sauran biran za su tafi daji, Tela kuwa sai ya ƙara wata biyu a keji. Wannan ta shiga Kawu sosai. Tun daga ranar, kafin ya buɗe ƙofa sai ya cika bakinsa da ruwa, ba ya haɗiyewa sai ya fito. Tela ya yi kwana goma yana miƙa hannu, daga baya ya daina. Wata safiya ya yage baki daga saman reshe, ya wurgo wa Kawu ɓawon ayaba a goshi. Likita ta ce alhamdu lillahi, ya warke. Kawu ya ce bai taɓa ganin asibitin da rashin kunya ce alamar lafiya ba.

Ranar sakin ya bi su har dajin. Aka ɗaga murfin akwati, Tela ya haye bishiya ko waiwaye bai yi ba. A hanyar dawowa Kawu bai ce uffan ba, har direba ya tsaya a gefen titi ya taɓa goshinsa ko zazzaɓi ne.

Washegari Likita ta mai da shi ɗakin jariran birai, waɗanda aka raba da iyayensu suna ta makyarkyata, sai an rungume su ana yi musu magana sannan su karɓi madara. Shekara bakwai ke nan yana can, da tawul a kafaɗa. Matarsa ta ce yanzu idan ya dawo muryarsa a dishe take, tana samun sararin faɗin nata labarin.