Shekarar da Baba Ya Daina Sayar da Lemo

A unguwar Gamboru na tashi, a gidan da kullum akwatunan lemon kwalba ke jere a zaure. Mahaifina Modu da su yake ciyar da mu. Yana da rumfa a Kasuwar Kwastam, da wani babban baho na ƙanƙara da yake lulluɓewa da buhu saboda zafin Maiduguri. Idan an yi sallar magariba, mu yara mukan kewaye kakarmu Ya Falmata a bakin murhu, tana dama kunu tana ba mu tatsuniya da Hausarta mai ƙamshin Barbarci.

Ina aji huɗu a firamare magana ta ɓulla cewa akwai giya a cikin baƙin lemo. Wasu suka ce ba giya ba ce, wani abu ne daga jikin alade. Cikin mako biyu ciniki ya mutu. Wani dattijo da suka shekara goma suna sahu ɗaya da Baba ya tare shi a ƙofar masallaci, ya ce ya ji tsoron Allah ya daina ciyar da iyalinsa da haram. Baba ya dawo gida bai ci abinci ba. Ya rufe rumfa, ya koma zaman tabarma a tsakar gida, idonsa a ƙasa.

A irin wannan yammacin ne Kaka ta ce, "Ku matso, ga wata ta zo muku." Muryarta a gajiye take.

Ta ce wasu fatake ne suka kwana uku ba ruwa, sai suka iso wata rijiya. Har sun zura guga, wani mutum da ke zaune a gindin ƙaya ya ce ya ji an ce kare ya mutu a ciki. Suka saki igiya. Rabinsu suka ce a sha, rabi suka ce gara ƙishi da najasa, aka yi ta gardama har rana ta take tsaka. Can wata tsohuwa a cikinsu ta je ta durƙusa gaban mutumin ta ce, "Ɗan nan, kai ka ga karen?" Ya ce a'a, wansa ne ya faɗa masa. Aka nemo wan a gona, ya ce ai ba wannan rijiyar ba ce, wata ce a wani gari, kuma tun bara aka yashe ta. Suka sha ruwa, amma kafin nan raƙuma biyu sun faɗi, ba su ƙara tashi ba.

Yayana Bukar ya ce, "To Kaka, lemon Baba halal ne ke nan?"

Ta ce, "Ni ina na sani? Ni ko sha ba na yi, gyatsa yake sa ni. Wanda abin ya dama, ya tashi ya tambayi masu sani." Ba ta kalli Baba ba, amma duk mun san da wa take.

Washegari Baba ya tashi. Ya fara da maƙwabcinmu Malam Yohanna, Kirista mutumin Biu, mai koyar da kimiyya a sakandare. Shi ya karanta masa abin da ke jikin kwalba: ruwa, sukari, iskar da ke sa kumfa, kala da ɗanɗano. Ya ce, "Malam Modu, iya sanina ke nan. Hukunci kuwa na malamanku ne." Daga nan Baba ya hau mota zuwa Khaddamari wurin wani tsohon malami da ya karantar da shi yana yaro. Malamin ya saurare shi, ya ce, "Ka taɓa ganin wanda ya cika cikinsa da shi ya bugu?" Baba ya ce bai taɓa ba. Malamin ya ce, "To abin sha halal ne har sai an tabbatar da haramcinsa. Jita-jita ba hujja ba ce. Koma kasuwarka."

Ya koma, zuciyarsa ta kwanta, amma masu saye ba su dawo ba. Ba wanda zai bi su gida-gida ya gaya musu abin da malami ya ce. Kafin damina Baba ya mayar wa dillali akwatunan, ya fara sayar da albasa da busasshen kifi. Bai sake tsayawa da ƙafarsa kamar da ba, kuma Bukar ya bar makaranta a shekarar.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin labarin nasarar mai tambaya. Sai da na girma, na ga maganar lemo tana dawowa duk bayan 'yan shekaru da sabbin masu rantsuwa, na gane Kaka gargaɗi take yi: gaskiya takan iso, amma a makare. Dattijon da ya tare Baba kuwa, a sunan jikansa na gan shi yana raba wa baƙi baƙin lemo da hannunsa. Baba ma yana wurin. Aka miƙa masa, ya karɓa, ya yi bismillah ya sha, ya yi wa jariri addu'a, muka taho gida.