Hammar da Ta Kai Yazid Gaban Kwamiti

A Geceme kowa ya san Yazid, ɗan Ummuhani mai tuyar ƙosai, da ƙarancin magana. In ka gaishe shi sai ya ɗaga gira, a ganinsa ya amsa. Uwarsa takan ce ranar haihuwarsa ma sai da ungozoma ta tsungule shi kafin ya yarda ya yi kuka. Amma a lakwal, wato makarantar boko, kansa na ja, don haka da ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, ya wuce jami'a karatun noma.

Can aka haɗa shi ɗaki da Judicaël, ɗan Dogon Dutsi, wanda bakinsa ba ya hutawa ko da loma a ciki. Suka dace: ɗaya na zuba, ɗaya na gyaɗa kai.

A shekararsu ta biyu ɗalibai suka gaji da waken da ake dafa musu, wanda ƙwarinsa suka kusa fin ƙwayarsa yawa, suka yi gangami a ƙofar ofishin shugabannin jami'a. Judicaël ya haye benci da lasifika, ya yi ta ɓaɓatu har muryarsa ta dushe. Ya diro neman ruwa, ya ce, "Kamarad, riƙa mini."

Yazid ya riƙa. Rana ta yi zafi, hamma ta kama shi. Daidai nan wani ya ɗauki hoto: ga lasifika a hannu, ga baki wangame.

Hoton ya yi ta yawo a waya har Geceme. Da aka nuna wa Ummuhani ta ce, "Mi ya ce? Ku kunna in ji!" Aka ce mata ai hoto ba ya magana.

"To, shi ne," in ji ta.

Kwamitin ladabtarwa ya kira Yazid. Shugaban kwamitin ya tura masa hoton, ya ce, "Ana tuhumarka da tunzura ɗalibai. Ko lasifikar ta wani ce?"

Yazid ya san an taɓa yi wa Judicaël kashedi, in sunansa ya sake fitowa kora ce. Ya dubi ƙasa, ya dubi fanka, sannan ya girmama shi da Faransanci, ya ce, "Mushe, ni ban yi jawabi ba. Amma tunda an tambaye ni, waken nan ba ya ciwuwa."

Daga nan kamar an fasa randa. Ya yi maganar wake, ya gangara kan famfon da ya mutu, ya ce in ɗalibi ya faɗi abin da ke damunsa a saurare shi, ba a nemi hotonsa ba. Sai da shugaban ya buga tebur sau biyu kafin Yazid ya yi shiru. Aka dakatar da shi zango ɗaya.

Judicaël ya rantse zai je ya tona kansa. Yazid, yana ɗaure jakarsa, ya ce, "Zauna." Ya tafi gida ya taya kawunsa noman hatsi, bayan damina ya koma ya ƙarasa karatunsa.

Yanzu malamin gona ne a Dumega. Duk lokacin da manoma ke da ƙorafi, a kan taki ko burtalin shanu, shi suke turawa wurin magajin gari, wai mutumin da jami'a guda ta kasa rufe wa baki. Yakan hau babur ya je, ya faɗi abin da ya kawo shi a tsaye, ya dawo kafin shayin da suka ɗora ya tafasa.