Wata Huɗu Ina Kiranta Baƙuwa

A lokacin ina sayar da atamfa a Kasuwar Kilomita Biyar, kuma ina ji da kaina wajen karɓar baƙi. Kowa ya san kaza ba ta tsufa a gidana. Wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, mai sayen zani a wurina, ta ba ni labarin wata yarinya 'yar Hausawa da ta tashi a gidan marayu na gwamnati tun rasuwar iyayenta. Yarinyar ta cika shekara sha takwas, dole ta bar wurin, ba ta da inda za ta nufa. Ban ko yi shawara ba na ce a kawo min ita.

Ta zo da jaka ɗaya da Hausa 'yar kaɗan, Sango, yaren garin, shi ne a bakinta. Na ware mata ɗaki, na fito mata da kwanukan da nake ji da su. In ta ɗauki tsintsiya sai in ƙwace, in ta leƙa madafa in koro ta. 'Ya'yana mata kuwa kullum suna shan faɗa da aike. Duk wanda ya shigo sai in ce masa ga baƙuwarmu. Wallahi ni karramawa nake nufi. Ashe ta tambayi maƙwabciyata ma'anar kalmar, aka fassara mata da Sango cewa wanda ya zo zai koma ne.

Wata huɗu ta yi. Ranar wata Laraba na dawo daga kasuwa na tarar ta share ɗakin ta tafi. Da ƙyar na gano ta a unguwar Kokoro, tana wanke-wanke a wani gidan abinci, a nan take kwana. Na roƙe ta da hawaye. Ta ce ban yi mata laifin komai ba, sai dai ko sau ɗaya ban taɓa yi mata tsawa kamar 'ya'yana ba. Ta ce a gidan marayu an taɓa ce mata lokacinta ya cika ta tattara kayanta, ba za ta iya jin haka sau biyu ba, shi ya sa ta riga ni.

Abin yana ci min rai har yau. Don Allah, duk wadda ta karɓi irin yaran nan, ta ba su tsintsiya, ta aike su, ta yi musu faɗa in sun yi laifi, ta gaya musu da baki cewa sun zo kenan. Ni ban faɗa ba, na zaci naman da nake ba ta zai faɗa mata a madadina. Har yanzu in ta biyo ta rumfata takan durƙusa ta gaishe ni da ladabi, ta kira ni Madam.