Ranar da na zama madugu a kilib

Wautar da na tafka a duniya tana da yawa, amma ta raƙumin nan ko a kabari aka tashe ni zan ba da labarinta tiryan-tiryan. Ni maɗinki ne a tsohon garin Agadas. Lakwal kuwa, wato makarantar boko, na shiga da safe, kafin azahar maigidan lakwal ya gane ba za mu daidaita ba.

Ɗan ƙanwata mawaƙi ne, irin masu wandon da ya yage a gwiwa, in ka ce kawo in ɗinke su ce haka ake yayi. Ya yi wata waƙar soyayya da matasa ke ta sakawa a waya, sai ya zo rumfata da wani mai kamera daga Yamai, su tsara yadda kilib ɗin, wato bidiyon waƙar, zai kasance. Na ɗora musu shayi, na kasa kunne.

Mai kamera ya ce a sa shi cikin babbar mota da baƙin gilashi. Yaron ya ce kowa ya yi wannan. Aka ce a hau soro da jita, aka ce an gaji da soro. Can mai kamera ya buga cinya ya ce, "Wala! Ayarin gishiri. Saurayi ya bi ayari zuwa garin Fashi, budurwa tana jira a ƙofar gari. Abin da ya rage dattijo mai kwarjini, wanda zai zama madugu."

Jama'a, ba wanda ya tambaye ni. Bakina ne kawai ya buɗe da kansa.

"Ga madugu zaune kuna nema? Ni da na yi Fashi tun ba a haifi uwayenku ba!"

Yaron ya dube ni. "Kawu, yaushe?"

"Kana ina lokacin?" na ce, na miƙa masa shayi don ya rufe baki.

Gaskiyar magana, iyakacin tafiyata Cirozerin ce, ita ma a bayan kaminyo, babbar motar kaya, ina amai. Amma mutum ya tsufa a kan keken ɗinki, ga dama ta zo a gan shi a tele, wato talabijin, da rawani, wa zai ƙi? Kafin magariba na gaya wa fadarmu, na gaya wa mai nama, na gaya wa matata. Na ɗinka wa kaina riga shuɗiya wadda ko ango bai samu ba.

Mai kamera ya ce kafin a tsayar da tsari sai an yi gwaji. Muka tafi kasuwar dabbobi, rabin unguwa na biye da ni. Wani Buzu ya gurfanar da wani farin amale mai kallon mutane a wulaƙance. Na nufe shi ina taƙama.

Buzun ya ce, "Madugu, da takalmi za ka hau?"

Ashe ƙafa tsirara ake ɗorawa a wuyan raƙumi, da ita ake masa magana. Na ce ai gwada shi nake. Na tuɓe, na haye, na ga wani ƙaho mai reshe uku a gaban sirdi, na ce alhamdulillahi, ga abin riƙo. Na damƙe da hannu biyu.

Buzun ya ce, "Kada ka riƙe wannan, ado ne!"

Bai rufe baki ba amale ya miƙe ƙafafun baya. Ba wanda ya taɓa gaya mini ta baya suke fara tashi. Ƙahon ya ɓalle a hannuna, na sulalo ta wuya kamar buhun gero, rawani ya warware ya sarƙe da akala. Na faɗi zaune cikin kashin awaki, riƙe da guntun sirdin mutane, ina salati. Amale ya sunkuyo ya shinshina sanƙona.

Kasuwa ta ɗauki ihu. Na ɗaga kai ina neman mai ce mini sannu, sai na ga mai kamera yana hawaye don dariya, kamera kuwa a kunne.

"Tonton, an gama! Tsari ya canza. Saurayi ba shi da raƙumi, kawunsa ya ce zai kai shi, kawu ya faɗo, saurayi ya tafi da ƙafa. Wannan ita ce soyayya!"

Na ce ban yarda ba. Yaron ya durƙusa yana kakkaɓe mini riga, ya ce, "Kawu, don Allah. Wannan ne zai fitar da ni." To, ɗan ƙanwa ne. Na ce a yi, amma a cire wurin sanƙo. Wurin sanƙon suka fi maimaitawa, duk amshi sai ya dawo.

Yanzu yaron har Yamai ake kiransa wasa, ni kuma in na bi ta kasuwa har baƙi masu haƙar zinariya suna ɗaga mini hannu, "Madugu, ya hanya?" Abin da na koya shi ne, in ana neman gwani, in ci gaba da zuba shayina.

Ran da matata ta ga kilib ɗin a wayar maƙwabciya, ta kalla har ƙarshe ba ta yi dariya ba. Ta ajiye mini tuwo ta ce, "Malam, ni dai na gode Allah da ba matuƙin jirgin sama suka ce suna nema ba."