Gonar da Ke Ƙarƙashin Titin Jirgi

Ko zan manta komai a rayuwata, ba zan manta awa biyun da na yi a filin jirgin saman wani tsibiri na ƙasashen Asiya ba. Lokacin ana aikin dam ɗin Bakolori, ina ma'aikacin awon gonaki a Talata Mafara, sai aka tura mu kwas kan noman rani. Ina saurayi, ji nake babu kamata.

Filin nan ba ya hutawa. Wannan jirgi na sauka, wancan na tashi, titinsu ya miƙe har bakin teku. Turawa 'yan yawon shaƙatawa sun cika ko'ina da gajerun wanduna, 'yan mata na rataya musu furanni a wuya. Ina ta washe baki, ina cewa wata rana mu ma za mu kai haka.

Motar da za ta ɗauke mu ta makara, muka tsaya jira da wani dattijo ɗan dako da ya ɗauko akwatina. Ya tambayi aikina, jami'in da ya tarbe mu yana fassara. Na faɗa masa da alfahari. Sai ya nuna inda wani jirgi ke juyawa.

"Can gonar shinkafata take," in ji shi. "Masu awo suka zo da igiya. Yara ne masu ladabi, kamarka."

Nan take na tuna kawuna na wajen Maradun, ranar da na ja igiya a fadamarsa. Ya dube ni ya ce, "Duk ma'aikatan ga, kai anka turo, ɗan ƙanwata?" Na ce, "Kawu, ci gaba ne." Ko kaina ban ɗago daga littafi ba.

Da na dawo gida, ruwan dam ya shanye fadamar, an mai da su kawu wani tudu mai tsakuwa. Na je neman gafara, matarsa ta ce ya tafi ci-rani kudu. Ba ta ko shimfiɗa mini tabarma ba. Can ya rasu, ba mu sake ganawa ba.

Har yau abin na ci mini rai: sai da na ƙetare teku na ji daga bakin baƙo abin da ɗan'uwan mahaifiyata ya faɗa mini ido da ido. Na koyi cewa in an nuna maka babban aiki, kafin ka yaba, ka fara tambayar wa aka tasa daga wurin, kuma ina ya koma.