Baba Ribas da Motar da Ke Durƙusawa

Gwiwoyinsa na fara lura da su. Ina tsaye a bakin ƙofar asibiti, sai na ga wani dogon dattijo ya shiga motar wata gajerar mata zai gyara mata fakin. Bai ja kujerar baya ba. Ya lanƙwashe ƙafafunsa, gwiwa tana gugar sitiyari, ya tuƙa a haka har ya daidaita motar. Da matar ta dawo ta zauna, kujera da madubi suna yadda ta bar su. Ba ta ma san an yi mata wani abu ba.

Shi ne mai fakin motoci a asibitin da muke kai mahaifina. Kowa Baba Ribas yake ce masa, don ita ce kalmar da ta fi fita daga bakinsa: “Ribas, ribas, ƙara kaɗan, ya isa.” Yana zuwa kafin a buɗe ɗakin karɓar kati, ya jingine kekensa a bayan 'yar rumfarsa, ya goge allon da yake rataye makullai, sannan ya zaga harabar yana tsince ƙusa da tsakuwa. Ya san inda inuwa za ta faɗi da hantsi da inda za ta koma bayan azahar, kuma motar mai tsohuwa ko mai jego ita ke samun wurin. Akwai benci a rumfar, amma ban taɓa ganinsa a kai ba. Jakunkunan mutane ne ke zama a wurin, shi yana can yana kai da kawowa, hannu ɗaya a sama, makulli a ɗayan.

Yakan ce babu wata babbar mota a garin da bai tuƙa ba, kuma babu wadda ya taɓa fitarwa ƙofa. “Ni direban manya ne,” in ji shi, “amma ban taɓa wuce giya ta biyu ba.”

A watan nan ya ajiye aiki. Asibitin ya kafa shingen ƙarfe mai ɗaga kansa, da wani akwati mai tofo tikiti. Tun da na ji labarin na kasa zama wuri ɗaya. Ni ba gwanar magana ba ce. Duk tsawon zuwanmu, gaisuwa ce kawai take haɗa ni da shi, ita ma a ƙasan murya. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Da na fara tambaya, sai na tarar kusan kowa a asibitin yana da nasa labarin. Wata nas a sashen haihuwa ta gaya min na matar da batirin rimot ɗinta ya mutu da tsakar rana, mota ta ƙi buɗewa, maganin mahaifiyarta kuma yana ciki. Har wani direba ya ɗauko dutse zai fasa gilas. Baba Ribas ya ce, “Ajiye dutsen nan, ɗan'uwa, gilas ɗin bai yi maka komai ba.” Ya karɓi rimot ɗin, ya zame wani ɗan murfi a bayansa, sai ga siririn makulli na ƙarfe a ciki. Ya ɓalle marfin da ke gefen hannun ƙofa, ga ramin makulli a ɓoye. Da ta shiga, ya ce ta manna rimot ɗin a jikin madannin tayar da injin ta danna da shi. Mota ta tashi.

Likitar yara ta ce ya daɗe yana ganinta tana buɗe ƙofa ta tsaya tana fifita, tana jiran zafin ciki ya fita. Rannan ya ce ta danna madannin buɗewa na rimot, kada ta saki. Gilasai suka sauka gaba ɗaya. Yanzu tun daga baranda take dannawa, kafin ta iso iska ta riga ta shiga. Wani mai ciwon baya ya ce shi ya nuna masa cewa kujerarsa tana ɗumama, ya daina yawo da kwalbar ruwan zafi. Mai shara kuma, tana dariya, ta kwatanta min yadda ya koya wa wata mata mai goyo da kaya niƙi-niƙi ta zura ƙafa a ƙarƙashin bamba, but ya buɗe da kansa. Ta ce a makon nan kowa sai ya gwada a tasa motar, har masu tsofaffin ƙurƙura, Baba Ribas yana bin su yana cewa, “Ba kowace ba ce, jama'a. Taka ta fi son makulli.”

Ba makaranta ya je ya koyo ba. Tambaya yake yi. Duk direban da ya zauna jiran maigidansa, duk bakaniken da ya zo duba mota a harabar, sai ya ja shi da hira har ya ji amfanin madannin da bai sani ba. Kuma ba ya taɓa komai a motar mutum sai ya nemi izini. Ya ce yawancin mutane suna sayen babbar mota, su koyi gaba da baya da hon, sauran abubuwan da aka sa don a sauƙaƙa musu su yi ta barci har a sayar da ita.

Namu labarin na Abba ne, mahaifina. Gine-gine ya yi ta yi duk rayuwarsa, da ya huta sai ya sayi doguwar mota, irin wadda sai an taka an hau. Bai taɓa ba kowa tuƙinta ba. Bayan ɓarin jikinsa ya shanye, yayana kuma yana aiki a nesa, tuƙin ya faɗo kaina. A gida, ni da Umma da mai gadi muke tallafa masa ya shiga, ƙofar gida a rufe. A asibiti kuwa, ranar farko, ma'aikata biyu ne suka cicciɓo shi. Hularsa ta faɗi, rigarsa ta tattare har ciki ya fito. Daidai nan wani mutum da ya taɓa yi masa aikin kafinta ya zo wucewa, ya tsaya ya ce, “Ranka ya daɗe, kai ne haka?”

Da ranar gashin ƙashi ta zagayo, muka iso, Abba ya ƙi fita.

“Abba, lokaci yana tafiya,” na ce.

“Ya tafi. Ni ba buhun siminti ba ne da za a riƙa sauke ni a gaban jama'a. Juya mu koma.”

Muka koma. Muka sake zuwa, muka sake komawa. Mai gashin ta kira ni gefe ta gaya min gaskiya: idan aka ci gaba da haka ƙafar za ta sandare, ɗan motsin da ya rage ma zai tafi. Umma ta roƙe shi, yayana ya bugo waya ya yi faɗa, Abba ya juya fuska bango. A gida ba ya barcin rana, ba ya sauraron rediyo, yatsun hannunsa mai lafiya suna ta bugun hannun kujera. Ni ma haka na koma; in tashi daga falo in shiga kicin, in manta abin da ya kai ni.

Rannan muna zaune a motar, injin yana aiki, ba mu fita ba kuma ba mu tafi ba, sai aka ƙwanƙwasa gilas. Baba Ribas ne. Ya gaida Abba, ya tambayi gida da iyali, amma bai ce masa ya jiki ba. Motar ya kalla.

“Alhaji, wannan ai mai durƙusawa ce. Ka taɓa sa ta?”

“Ta durƙusa wa wa?”

“Wa mai ita mana.”

Abba ya harare shi. “Malam, mota na saya ko raƙumi?”

“In ka ba ni dama sai ka gani. In ba ta yi ba, ku juya, ni zan buɗe muku ƙofa.”

Ya sa na matsa da motar can ƙarshen baranda, kusa da wani ginshiƙi, inda daɓen ya ɗan ɗaga kuma ƙofar mota in ta buɗe takan kare mutum daga idon masu jiran kati. Ya nuna wani madanni kusa da giya, mai hoton mota da kibiya tana kallon ƙasa. Na kai hannu.

“A'a, 'yata,” ya ce. “Motar Alhaji ce.”

Abba ya daɗe yana kallon madannin. Sannan ya danna. Muka ji wani huci daga ƙarƙashi, motar ta fara sauka a hankali, ginshiƙin yana ƙara tsawo a gefenmu. Baba Ribas ya nuna masa na gefen kujera, Abba ya ja kujerar baya har ƙafafunsa suka sami fili, sannan Baba ya nuna masa mariƙin da ke saman ƙofa. Daga nan ya juya mana baya. Ya tsaya a bakin ƙofar da faɗin kafaɗunsa, yana ɗaga wa wata mota hannu yana “ribas, ribas”, alhali motar ba ta buƙatar kowa. An daɗe. Ina jin numfashin Abba, ina riƙe hannuwana don kada su kai masa. Da na ɗago, Abba yana tsaye a kan daɓen, ya kama ƙofa, hularsa tana kansa. Shi ya zaunar da kansa a keken marasa lafiya.

Kai ne ka gane cewa abin da ya hana Abba fitowa ya wuce ƙafarsa, Baba. Mu 'yan gida muna ta magana a kan jijiya da lokaci, kai kana can daga rumfarka ka ga hular da ta faɗi. Kai ne mai juya baya don wani ya miƙe ba tare da an kalle shi ba. Ban san inda ake koyar da wannan ba.

Akwai wani abu kuma. Ni ina tuƙi ne da matashi a bayana, yatsun ƙafata da ƙyar suke kaiwa ga birki, don ina tsoron taɓa kujerar Abba. Baba Ribas ya ga matashin. Ya nuna min lambobin da ke jikin ƙofa, ya ce in daidaita kujera da madubi yadda suka yi min, ya sa na adana su a lamba biyu. Abba yana kallo.

“To, an goge min tawa ke nan,” ya ce.

“Lamba ɗaya taka ce, Alhaji. Ba wanda ya taɓa ta. Tana nan duk ranar da ka ga dama.”

Abba ya kau da kai. Amma a makon nan Umma ta leƙa ɗaki ta gan shi yana ɗaga ƙafar da kansa, yana yin atisayen da mai gashin ta daɗe tana fama ya yi.

Na gode, Baba Ribas. Umma ma ta ce in gaya maka ta gode, Allah Ya ba ka hutu mai daɗi, Ya sa gwiwoyin nan su miƙe. Ku kuma masu manyan motoci, ku zauna wata rana ku tambayi amfanin madannan da kuke wucewa kullum. Wataƙila akwai wanda zai sauƙaƙa wa tsohon gidanku hawa. Masu aiki a ƙofofi da harabobi da tebura, inda mutane ke zuwa a lokacin da suke da rauni, ku riƙa kallon mutum yadda dattijon nan yake kallo. Akwatin tikitin zai ɗaga shinge, amma ba zai san wanda ya kamata a ba inuwa ba.

Ranar aikinsa ta ƙarshe ba ranar gashin Abba ba ce. Duk da haka tun da safe ya shirya, ya zauna a falo da sandarsa, yana kallon ƙofa, yana tambayar Umma ko na tashi. Da muka isa, masu haɗa shingen suna ta gwaji, ƙarfen yana tashi yana sauka ba mota a gabansa. Nas ɗin nan ta raɗa min cewa sun shirya wa Baba 'yar walima a ciki, ana neman wanda zai shigo da shi.

Na tsaya a wurinmu na kullum. Abba ya saukar da motar, ya fito da kansa, amma bai nufi ƙofar asibiti ba. Ya dafa gaban motar, ya bi ta a hankali, sanda tana gaba, ƙafar tana biyo ta, har ya zagayo ɓangarena.

“Tashi,” ya ce.

Na fito. Ya zauna, ya jawo ƙafar ciki da hannu, ya danna lamba ɗaya. Kujera ta ja baya, madubai suka juya, sitiyari ya sauko inda ya bar shi tun kafin ciwon. Bai tayar da injin ba, likita bai ba shi dama ba tukuna. Ya ɗauki hannunsa mai rauni da mai lafiyar, ya ɗora a kan sitiyari, ya ɗora ɗayan a gefensa. Ya zauna haka yana kallon gaba.

“Kira min Ribas,” ya ce.

Na waiwaya. Baba Ribas yana tsaye a bakin rumfarsa, ya ga komai. Ya ɗan jima yana kallon motar. Sannan ya juya mana baya kamar wancan karon, ya sauke allon makullan daga ƙusa, ya miƙa wa mai gadi, ya jawo kekensa daga bayan rumfa. Bai hau ba. Ya tura shi ta ƙaramar ƙofar masu tafiya a ƙasa, ya fita.