Abin da Na Gani a Wuyanta

"Zuba ruwan mana, 'yar birni, me kika tsaya kallo?"

Gwaggo ce take min magana. Ina riƙe da buta. A gabanmu, kan tabarma, 'yar baffana ce kwance. Jiya ta kai awara kasuwar Basirka, ba ta dawo ba. Da safe aka tsinci gawarta a gonar gero, gefen hanya. Daga Kano na taso, mota zuwa Birnin Kudu, daga nan mashin. Ina shiga gidan aka ce farfaɗiya ce ta kada ta. Yarinyar da ko ciwon kai ba ta cika yi ba!

Da Gwaggo ta ɗaga haɓar yarinyar na gani. Shatin yatsu, huɗu a gefe ɗaya, babba guda a ɗaya gefen, sun yi baƙi. Farcenta biyu a karye. Cinyoyinta duk a ƙuje. Wallahi sai da na ji fitsari ya kama ni.

Na ce zan zaga bayi, na kira ƙawata, nas ce a asibiti.

"Kar ku wanke ta," ta ce. "Kin ji ni? Ƙarƙashin farcen nan akwai fatar wanda ya yi. Ki duba idonta, in da ɗige-ɗigen ja, shaƙe ta aka yi. Zanenta a sa a takarda, ba leda ba. Ku kawo ta likita ya gani."

Na koma da gudu. Zanen tuni an jiƙa shi a ruwan sabulu. Na ɗaga fatar idon. Ɗige-ɗigen suna nan.

"Gwaggo, kashe ta aka yi."

"Rufe min baki."

"Gwaggo, dubi wuyanta!"

"Na riga ki gani. Shekara nawa ina wankan gawa? Abin da mai wanka ta gani, da shi ake binne mamaci. So kike a kai ta Birnin Kudu maza su buɗe ta, gobe a ce ga 'yar wane da aka lalata? Ubanta ya shiga masallaci da wane ido? An gama haƙa kabari. Zuba."

Daga waje wani ya yi gyaran murya. "Mata, rana tana yi fa."

Na zuba. Ni da hannuna. Ina kallo Gwaggo ta sa tsinke ta sakace farcen ɗaya bayan ɗaya, a hankali, tana addu'a, hawayenta na ɗiga kan gawar.

Da aka fitar da ita, na leƙa ta kafar zana. Maza sun yi sahu. Ba fuska nake kallo ba, hannu nake bi, ina neman yaƙushi. To lokacin yankan gero ne. Kowa hannunsa a ƙuje, har liman. Na ƙirga mutum bakwai na daina, don na takwas ya juyo ya kalli zanar.

Ranar uku na tafi. Mai mashin ɗin da ya ɗauke ni doguwar riga ya sa, hannu har wuyan hannu, cikin zafin nan. Da muka zo gonar ya rage gudu.

"Hajiya, nan ne fa aka same ta. Allah ya jiƙanta."

Na ƙanƙame ƙarfen baya har muka hau kwalta. Ƙila rami ya gani ya rage gudu. Ƙila.

Yau wata biyu. Baffa har yanzu farfaɗiya ya sani. Ɗazu ƙanwar marigayiyar ta kira ni tana murna, wai ita aka ba wa sana'ar awarar, jibi za ta fara kai wa kasuwa. Shekararta sha shida. Hanyar guda ɗaya ce, ta gefen gonar.

Lambar Baffa tana gabana, na danna na kashe ya fi sau biyar. In na faɗa, Gwaggo ba za ta sake kallona ba, kuma ba ni da hujja, ni na wanke ta. Ku faɗa min, in kira shi kafin jibi, ko in yi shiru?